ZUMUNTA A ƘAFA TA KE: KWANA ARBA'IN A LIMAWA TA DUTSE

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, labarin da mu ke tafe da shi yau na wata ziyara ce da muka kai gida, mu da iyalinmu, a daminar shekarar 2023. Gidan kuwa shi ne Limawa, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Dutse, babban birnin Jihar Jigawa. Can aka yanke mana cibiya, can mahaifinmu ya ke kwance, can kuma mahaifiyarmu ta ke zaune. Mun rubuta ne musamman saboda 'yan kasuwa da ma'aikata waɗanda neman abinci ya raba su da garuruwansu, ko suna Ikko, ko Kumasi, ko Jidda, ko Landan, domin abin da ya same mu yana iya samun kowannensu.

Tun shekarar 2004 mu ke zaune a Madina, inda mu ke aiki a wani asibiti. 'Ya'yanmu huɗu duk can aka haife su: babban yana da shekara 17 a lokacin, mai bi masa mace ce 'yar shekara 14, sai namiji ɗan shekara 11, sa'an nan auta 'yar shekara 7. Rabonmu da gida tun 2014, sa'ad da muka zo ta'aziyyar mahaifinmu, muka yi mako biyu muka koma. Shekara tara ke nan cur. A cikin waɗannan shekaru ba mu taɓa fasa aiken kuɗi ba ko da wata guda, kuma kowace Juma'a mu kan buga waya mu gai da Inna. Saboda haka a ranmu mun ɗauka babu mai bin mu bashin zumunci.

ABIN DA YA TASO MU

Gaskiya ɗaya ce, ba ɗokin gida kaɗai ya taso mu ba. Wanda bai zauna ƙasar Saudiyya ba zai yi tsammanin duk wanda aka haifa can ya zama ɗan ƙasa. To, ba haka dokarsu ta ke ba. Baƙo yana zaune ne da takardar izinin zama, wadda su ke kira iƙama, ita kuwa a ɗaure ta ke da aikinsa. Ran da aikin ya ƙare, iƙamarsa da ta matarsa da ta 'ya'yansa duk sun ƙare, sai a buga masa hatimin fita ta ƙarshe. Bugu da ƙari, daga watan Yuli na 2017 hukuma ta aza wa baƙi kuɗi a kan kowane mutum da su ke riƙo: Riyal 100 a wata, ana ƙara ɗari kowace shekara, har ya kai Riyal 400 a watan Yuli na 2020. Mu da ke da mace ɗaya da 'ya'ya huɗu, Riyal 2,000 ke nan kowane wata, ban da kuɗin haya da na makaranta.

Da nauyi ya yi yawa sai tunaninmu ya koma kan wata garkar dabino da mahaifinmu ya bari a bayan Limawa, wadda ba a raba ba tun rasuwarsa. Mun ji labari gari ya cim mata, masu neman filin gini suna ta zarya. Muka ƙulla a zuci cewa in mun je za mu nemi a raba, mu sayar da namu kason, mu toshe ɓarakar shekara biyu ko uku. Ba mu gaya wa kowa ba, ko uwar 'ya'yan.

A farkon watan Yuli, bayan an gama aikin Hajji, makarantu suna cikin dogon hutunsu na lokacin zafi, muka tashi. A wannan lokaci zafin Madina ya kan wuce ma'auni 40, mutum ba ya iya taɓa ƙarfen ƙofa da tsakar rana. Cikin kamar awa biyar sai ga mu a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, hadari ya haɗo ta gabas, iska mai ƙanshin ƙasa tana kaɗawa. Auta ta tsaya a kan matakalar jirgi ta ƙi motsi, wai ba ta taɓa ganin sama ta yi baƙi haka ba.

HANYAR GABAS

Yayanmu ya zo taryenmu da motar haya. Muka ɗauki hanyar Maiduguri, muka haye gadar Wudil, kogi ya cika yana ambaliya da jan ruwa, muka wuce Gaya, muka kai Shuwarin, daga nan muka karya zuwa Dutse. Dama da hagu gero ne da dawa da gyaɗa da riɗi, kore shar iyakar ganinka. Yara suka manne da tagogi. Su da suka tashi cikin duwatsun Uhudu da baƙar ƙasar harra, ba su san ƙasa tana iya yin tufafi haka ba.

Muna tafe muna tuna cewa wannan fuska ta gabas ita ce kakanninmu su ke bi zuwa Makka da ƙafa ko bisa jakuna. Su ratsa Barno, su shiga ƙasar Wadai, su bi ta Fashir da Ubayyid, su tsaya su yi ƙodago su sami guzuri, har su kai bakin Bahar Maliya a Sawakin su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani ya yi shekara biyar, wani goma, wani ya zauna a hanya har abada. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno ya ke a bakin Shuɗin Nilu. Daga zuriyar irin waɗannan matafiya aka sami malamai kamar Shaihu Umar Fallata, wanda ya daɗe yana karantar da hadisi a Masallacin Annabi har ya rasu a 1999, haka kuma duk mai sunan Hausawi da za ka ji a Makka ko Jidda. Waɗancan bayin Allah idan ba su komo gida ba suna da hanzari, gama tafiyar ta shekaru ce. Mu fa? Awa biyar ce tsakaninmu da uwarmu, muka yi shekara tara. Wannan tunani ya hana mu sakewa har muka hango duwatsun Dutse.

Dutsen da muka sani muna yara ƙaramin gari ne a ƙarƙashin Jihar Kano, fadar Garu bisa tudu, unguwanni a warwatse tsakanin manyan duwatsu da itatuwan dabino. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, aka mai da shi babban birni, sai gari ya yi ta miƙe ƙafa. Ga sakatariya, ga tagwayen hanyoyi, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga filin jirgin sama. Mun kuma tarar da sabon sarki, Alhaji Hamim Nuhu Sanusi, wanda ya gaji mahaifinsa, Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi, da ya rasu a ƙarshen watan Janairu na wannan shekara. Amma da muka saki kwalta muka shiga lungun gidanmu, sai muka ga zauren nan yana nan yadda muka bar shi, har da turmin da aka kife a bakin ƙofa ana zama a kai.

Inna tana zaune bisa tabarma a ƙofar ɗakinta. Mu muka durƙusa kamar yadda aka koya mana, yaran kuwa suka yi irin ta can, kowa ya matsa ya sumbaci goshinta. Ta yi dariya har da hawaye, ta kama hannun babban ta ce, "To, ga maigidana ya zo, ko kuɗin cefane bai kawo mini ba." Yaro ya dube mu a ruɗe, don bai san wasan jika da kaka ba. Hausarsa ta cikin ɗaki ce, ta "zo ka ci abinci" da "je ka kwanta". Auta kuwa ko wannan ba ta da ita sosai. Kakarta ta yi mata magana, ita kuma ta juyo ta tambaye mu da Larabci me tsohuwar nan ta ce. Inna ba ta ce kome ba, amma mun ga yadda fuskarta ta sauya.

MAGANAR GOGGO

Kwana uku muna rabon tsaraba: jallabiyoyi, da darduma, da carbi, da turare, da kwalli, da dabinon ajwa. Mun zo da takarda mai sunan mutum sittin da 'yan kai. Mutanen Limawa suka karɓi ajwa da murna saboda albarkar garin da ta fito, ko da ya ke wani dattijo ya yi mana ba'a, ya ce bana ya ga abin mamaki, an kawo wa Dutse dabino.

A rana ta huɗu muka aiki yaro da ƙunshin Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ke aure a wata unguwa can gaba. Kafin la'asar sai ga ƙunshin ya komo ko kwance shi ba a yi ba. Muka tashi muka tafi da kanmu, muka yi sallama, muka durƙusa. Ta bar mu a durƙushe ɗan lokaci, sa'an nan ta ce:

"Alhaji, ai na ɗauka kai ma ta waya za ka zo. Shekara tara kuɗinka suna zuwa, Allah Ya yi albarka, mun ci mun sha. Amma mijina ya rasu, kuɗi suka zo ta'aziyya. Na aurar da 'ya'ya biyu, kuɗi suka zo biki. Na kwanta wata uku, kuɗi suka zo dubiya. Yau kuma kana cikin garin nan, ƙafarka lafiya lau, ka aiko mini da tsumma. Shin ubanka haka ya yi mini?"

Muka ce, "Goggo, ku yi haƙuri, mun yi kuskure." Ta ce, "Haƙuri na yi shi tun tuni. Tashi ka zauna. Ina yaran? Gobe ka kawo mini su, in gan su su gan ni, kada wata rana su wuce ni a hanya."

A daren nan barci ya ƙaurace mana. Mun san ayar farko ta Suratun Nisa'i, inda Allah Ya haɗa tsoronSa da kiyaye zumunta a wuri guda. Mun san gargaɗin da ke cikin Suratu Muhammad a kan masu yanke ta. Mun san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, mai nuna cewa sada zumunta yana jawo yalwar arziki da albarkar kwana. Duk mun karanta, har mun sha faɗa wa wasu. Abin da ba mu lura ba shi ne, sannu a hankali mun mai da zumunci kamar harajin da a ke biya a karɓi rasiɗi. Lalle malamai sun ce a kan sada zumunta da dukiya, da saƙo, da gaisuwa, gwargwadon hali da al'adar mutane, kuma wanda ba shi da ikon zuwa ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma mu muna da iko. Sau nawa muka yi hutu muka tafi Ɗa'ifa shan iska?

MADINA A LIMAWA

Wani abu kuma ya faru a masallacin unguwa. Bayan sallar asuba ɗanmu na uku ya ja rigarmu ya ce, cikin raɗa, wai limamin nan bai iya salla ba: ya saki hannuwansa, ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ruku'u a raka'a ta biyu, kuma sallama ɗaya ya yi. Da hantsi kuma babban ya zauna kusa da almajirai a zauren malam, ya ji wani yaro yana biya Fatiha bai ja harafin mimun na farkon aya ta huɗu ba, sai ya yi wuf ya gyara masa. Almajirai suka bushe da dariya.

Malamin, dattijo ne da ya koya mana baƙi da wasali tun muna 'yan ƙanana, bai yi fushi ba. Ya kira yaran biyu ya zaunar da su, muna yi musu tafinta inda Hausa ta gagara. Ya ce wa babban, "Jikana, karatun da ka iya ruwayar Hafsu ce daga Asimu, shi kuwa Asimu mutumin Kufa ne, ta ƙasar Iraƙi. Wanda mu ke rubutawa a allo ruwayar Warshu ce daga Nafi'u, shi kuwa Nafi'u shi ne makarancin Madina, can ya rasu a shekara ta 169 bayan Hijira. Duka biyu ingantattu ne, daga bakin Manzon Allah su ke. Kai ka zo daga Madina da karatun Kufa, ka tarar da mu a Limawa da karatun Madina." Sa'an nan ya juya ga ƙaramin ya ce masa sallar da ya gani bisa mazhabar Imamu Malik ta ke, Limamin Gidan Hijira, wanda ya rasu a shekara ta 179, kabarinsa yana Baƙi'a, maƙabartar da su ke wucewa kullum in za su Harami. Shirun nan kafin ruku'u alƙunutu ne, Malikawa a asirce su ke yin sa. Sakin hannu ruwayar Ibnul Ƙasim ce a cikin Mudawwana, kama hannu kuwa hadisinsa yana cikin Muwaɗɗa ta shi Malik ɗin, shi ya sa a sahu guda za ka ga wani ya kama wani ya saki, kuma duk sallarsu ta yi.

Yaran suka yi tsit. Mu ma kunya ta rufe mu, gama laifin namu ne. Muna zaune kusa da maɗaba'ar Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1984, wadda ke buga Alƙur'ani har da na ruwayar Warshu, amma ba mu taɓa sayen guda mun nuna musu irin karatun kakanninsu ba. Mun bar su sun tashi suna zaton duk abin da ya saɓa wa abin da suka saba gani jahilci ne. Tun daga ranar babban ya nemi a yanka masa allo. Hannunsa bai saba da alƙalamin kara ba, tawada ta ɓata masa jallabiya biyu, amma bai fasa ba.

CIWO DA KUƊIN SHARA

A mako na uku zazzaɓin cizon sauro ya kayar da auta. Wanda aka haifa inda babu wannan ciwo jikinsa bai san shi ba, in ya kama shi ya kan yi masa mugun kamu. Mun zo da maganin rigakafi, amma muka yi sakaci da gidan sauro dare biyu saboda yarinyar ta ce yana takura ta. Jikinta ya yi zafi kamar garwashi, ta fara sambatu. Cikin dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wani maƙwabci da ko sunansa ba mu riƙe ba ya fito da motarsa ya kai mu asibiti, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, alhali kuwa a watannin nan man fetur ya yi tashin gwauron zabo bayan janye tallafi a ƙarshen watan Mayu. Kwana uku tana kwance ana yi mata ƙarin ruwa. Goggo, da tsufanta, ta shimfiɗa tabarma a gindin gadon ta ƙi tafiya gida. Kwanukan abinci suka yi ta zuwa daga gidajen da ba mu kai wa tsarabar ko carbi ba.

Da Allah Ya ba ta sauƙi muka komo gida, masu dubiya suka yi ta shigowa har kwana biyu. 'Yarmu ta biyu ta tambayi uwarta, "Umma, duk waɗannan su wane ne?" Ta ce mata, "Danginku ne." Yarinya ta ce, "A can da na kwanta asibiti mutum biyu ne suka zo." Ba mu faɗi haka don mu ƙi mutanen Madina ba. Mun zauna da su lafiya, mun ga alherinsu, kuma maƙwabtakar Manzon Allah ni'ima ce da ba ta da tamka. Sai dai baƙo baƙo ne ko ya shekara ashirin.

Ana cikin haka watan Muharram na 1445 ya kama. Muka yi azumin Tasu'a da Ashura tare da mutanen gida. Da daren cika-ciki aka tuƙa tuwo mai yawa, aka fito da ƙashin layya da aka adana. Da gari ya waye sai ga 'ya'yan ƙannenmu mata sun yi wa yaranmu ƙawanya, kowa da tsintsiya a hannu, suna neman kuɗin shara. Muka bayyana wa namu cewa waɗannan taubasansu ne, watau abokan wasansu, ɗan mace da ɗan namiji, kuma wannan al'ada ce ta Hausawa, ba ibada ba ce, wasa ne da ke ƙara danƙon zumunci. Ɗanmu na uku ya ce shi ba zai biya ba sai sun share ɗakinsa tukuna. Aka yi ta ja-in-ja da dariya, rabi Hausa rabi Larabci, har suka ƙwace masa hula. Daga ranar ba mu ƙara jin ya nemi wayar uwarsa don ya yi wasa ba. Da safe sai ya bi su gona, ya komo da taɓo har gwiwa.

RABON GADO

Saura kwana goma mu koma muka buɗe wa Yaya cikinmu. Muna tsaye ne cikin garkar, ƙarƙashin dabinan da mahaifinmu ya dasa da hannunsa. Dabinon Dutse ya kan yi 'ya'ya sau biyu a shekara, na rani da na damina, ga shi kuwa na damina ya nuna, ja da rawaya. Ta kowace fuska gine-ginen bulo sun matso har jikin shinge.

Yaya ya saurare mu har muka gama. Ya ce, "Haƙƙinka ne, ba mai hana ka. Shari'a ta ba ni shuf'a, watau tun da tarayya mu ke ba a raba ba, in ka sayar wa bare ina da ikon in biya abin da ya biya in karɓe. Amma ka sani ba ni da kuɗin, saboda haka bare ne zai shigo, shi kuwa ranar da ya saya zai sa gatari. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ran da aka buga maka hatimin nan da ka ke faɗa, ina za ka sauke yaran nan? Masaukin baƙi?"

Ba mu da amsa. Auta, wadda ta fara warwarewa, ta matso da ƙwallayen ajwa a hannu, ta ce Baffa ya shuka mata. Ya karɓa ya ce, "Uwata, zan shuka miki, amma ki sani ƙwallo ba ya gadon uwarsa. Wani ya fito namiji, ba ya 'ya'ya sai fure, wani ya fito mace amma ɗanɗanon daban. In kina son dabino irin na uwarsa sak, sai a cire ɗan da ya tsiro a gindinta, da saiwarsa, a dasa." Ya nuna mata wani da ya dasa shekara biyar da suka wuce, ga shi ya fara ɗaukar nono.

Da maganar rabo ta kai kunnen Goggo sai ta aiko a kira mu, mu da Yaya. Ita ba ta da kaso a ciki, tun da akwai 'ya'ya maza, amma ta ce, "Ku biyu kuna ta shawarar garka kamar ku kaɗai aka haifa. 'Yan'uwanku mata uku fa? Shekara tara suna kallo, kunya ta hana su magana. Ɗaya mijinta ba ya da lafiya, da ɗinkin hula ta ke ci da yara." Nan ma muka sunkuyar da kai. Jinkirta rabon gado ba tare da yardar magada ba zalunci ne, ko da an kira shi riƙon gida, kuma mata ne su ka fi shan wuyarsa.

Ran Asabar aka tara liman da mai unguwa da dattawa biyu. Mahaifinmu ya bar mace ɗaya, da 'ya'ya maza biyu, da mata uku, ba bashi ba wasiyya. Lissafi ya zo da sauƙi: aka kasa takwas, Inna ta ɗauki sumuni, watau kashi ɗaya, maza kashi bibbiyu, mata kashi ɗaiɗai. Aka auna ƙasa da igiya, aka ƙidaya itatuwa aka yi musu ƙima, aka kafa duwatsun iyaka, aka rubuta, shaidu suka sa hannu, aka kai kotun shari'a aka tabbatar. Ƙanwarmu mai ɗinkin hula ta fashe da kuka, ta ce ba ta taɓa zaton za ta ga wannan rana ba. Ita ta sayar da rabin nata, Yaya da wata ƙanwar suka haɗa kuɗi suka saya, ta sami jari. Mu kuwa ba mu sayar ba. Muka ware gefe guda inda babu itace muka ce nan za a yi ɗaki uku in Allah Ya hore, sauran muka bar wa Yaya ya ci gaba da kula da shi bisa yarjejeniya a rubuce. Kowane yaro ya dasa ɗan dabino guda da hannunsa.

KOMAWA

A tsakiyar Agusta muka yi sallama, gero ya fara fid da kai. Inna ta cika mana jaka da kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya da dabinon garka. Auta ta durƙusa a gabanta ta ce, "Inna, sai wata rana, Allah Ya ba mu alheri," da Hausa, ba tafinta. Tsohuwa ta rungume ta ta daɗe ba ta sake ta ba.

Nauyin da ya taso mu bai sauka ba, mun koma mun ci gaba da biya, mun rage wasu abubuwa na jin daɗi. Amma a 2024, da babban ya gama sakandare, shi da kansa ya ce a mai da shi gida. Ya sauka wurin Baffansa, da safe allo, da rana koyon Turanci don shirin jarrabawar shiga jami'a, da yamma garka. Daga cikin dabinai huɗu da aka dasa uku sun kama, na auta ne ya mutu, aka sake dasa mata wani.

To, ya 'yan'uwa, ga 'yar nasiha daga wanda ya yi tuntuɓe. Wanda ke zaune wata ƙasa, ko wani gari mai nisa, ya sa kuɗin zuwa gida cikin lissafinsa na shekara kamar yadda ya ke sa kuɗin haya, ko da shekara biyu sau ɗaya ne, kuma ya tafi da yara. Ya yi musu Hausa a cikin gida, don harshen waje ba ya bukatar taimakonsa, titi da makaranta sun isa. Ya sanar da su mazhabar iyayensu da saɓanin malamai tun suna ƙanana, kada su raina mutanen da suka fi su sani. In zai zo da damina ya nemi shawarar likita, kuma kada ya yi wasa da gidan sauro. In akwai gadon da ba a raba ba, ya tsaya a raba, a ba mata haƙƙinsu tun suna da rai. In ya iso kuwa, kada ya aiki yaro da tsarabar manya, ya ɗauka ya kai da ƙafarsa.

Su kuma na gida, su ji tausayin ɗan'uwansu. Ba duk wanda ya sauko daga jirgi ne ya zo da buhun kuɗi ba, sau da yawa abin da ke cikin zuciyarsa ya fi abin da ke cikin jakarsa nauyi.

Goggo ta rasu a cikin azumin 2025. Wannan karon mun zo da kanmu, ko da ya ke ba mu sami jana'iza ba. Babban ɗanmu yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan iyayenmu da na masu karatu baki ɗaya, Ya sa mu cikin masu sada zumunta, Ya kyautata ƙarshenmu, amin.